Gwiwar Malam Nadabo

Ɗaliban da ake turo mana daga makarantar koyon aikin lafiya su suka sa ni wannan rubutu. Kowace shekara sai su iso Batsari da fararen riguna masu ƙamshin guga, abin sauraren ƙirji rataye a wuya kamar tsarabar Makka, su jeru a benci suna latsa waya. Kwanakin baya ɗaya daga cikinsu ta tsaya tana kallona ina naɗa wa wani tsoho bandeji, ta ce, "Baba Audu, aikin nan ai ba wuya. Ka auna, ka rubuta, ka ba da magani, ka tsira allura."

Na ce, "Gaskiyarki, 'yata. Tuƙin jirgin sama ma ai zama ne a kujera."

Sunana Audu, ma'aikacin lafiya na matakin farko. Ni ba likita ba ne, amma daga Runka har Babban Duhu Likita ake kira na, na gyara har bakina ya gaji na ƙyale. Ubana wanzami ne, saboda haka tun ina rarrafe nake ganin jini. Fatar mutane da na ɗinke a rayuwata, in aka haɗa ta wuri ɗaya, za ta yi wa kasuwar Batsari rumfa har a samu ragowar da za a kai Safana. Amma ɗinki ba shi ne aikin ba. Tela ma yana ɗinki. Aikin yana wurin abin da za ka faɗa, da wanda za ka faɗa wa, da abin da za ka ƙi yi ko da an taru a kanka.

A hannun Baba Disfensa na koyi aiki, a wani ɗan asibiti mai ɗaki biyu kusa da Babban Duhu. Kayan aikinmu tukunya ce da muke dafa almakashi da hantsaki a kan risho, sai auduga, aidin, ruwan gishiri, da labulen atamfa da matarsa ta ɗinka mana. A makon farko wani abokin wasansa, tsoho mai kiwon awaki, ya zo da ciwon kunne. Baba Disfensa ya leƙa kunnen, ya haɗe fuska, ya ce, "Malam, gobe za mu cire maka kan nan mu wanke, in ya bushe mu mayar."

Tsohon ya gyara zama ya ce, "To, likita."

Baba ya juyo ya dube ni. "Ka ji? Ya ce to." Sannan ya fashe da dariya, ya nemi gafarar tsohon, ya zauna ya yi masa bayani a tsanake, ya sa shi ya maimaita da bakinsa yadda zai ɗiga maganin.

Ranar na gane cewa to ɗin mutanenmu iri-iri ne. Akwai gajeren to, wato na ji ƙarar muryarka. Akwai to, to, wato ka ishe ni. Akwai dogon tooo, wanda ke nufin magana ta shiga kuma ta yi nauyi. Akwai kuma to na kunya, wanda dattijo ke ba duk mai farar riga don kada a ce ya yi wa baƙo gardama. A makaranta ana koya muku cewa ba a taɓa jikin mutum sai da yardarsa. Daidai ne. Abin da ba a faɗa muku shi ne, a ƙasar nan mutum zai ce maka to sau goma bai yarda da komai ba. Dokar Baba Disfensa ita ce, sai majinyaci ya faɗi abin da za a yi masa da bakinsa, da kalmominsa, sannan ka miƙa hannu.

Wani mahauci a Runka, lokacin da aka mayar da ni can, ya zo da mura yana neman allura. Na ce murar nan hutu take so da ruwan ɗumi. Ya ce shi bai san magani ba sai wanda ya huda fata. Ya dawo da cinyar rago, wadda girmanta ya kai na jariri ɗan wata shida. Na haɗiye yawu na ce a'a, allurar da ba ka bukata cuta ce, kuma ba a ɗauke ni aiki don in cuce ka ba. Ya zagaye kasuwa yana shela, tun daga ranar sunana ya koma Likita Ba-Allura. Murar ta warke da kanta, sunan bai warke ba.

Wani babban mutum kuma, wanda ba zan faɗi sunansa ba ko an sa mini wuƙa, ya tare ni a ƙofar masallaci yana so ya san me ya kawo matar maƙwabcinsa asibiti. Na ce, "Ranku ya daɗe, ciwon da ke kama mutane." Ya ce shi fa shugaba ne, dole ya sani. Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Ranar da kuka zo kuka kwanta rub da ciki a bayan labulena, wa na faɗa wa?" Ya gyara babbar riga, ya ce Allah ya ƙara lafiya, ya wuce.

Labarin da zan ba ku yanzu, mai shi ne ya ba ni izini. Ya ce in zuba gishirina yadda na saba, amma kada in ƙara masa shekaru.

A shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka, an riga an dawo da ni Batsari. Mutane suka yi ta kwararowa, wasu a azuzuwan makaranta suke kwana, wasu a zaurukan dangi. Magani ya yi kaɗan, layi ya yi tsawo, kullum sai na yi faɗa da masu gari da masu hali da ke son a fara duba su, alhali ga yaro yana suma a bayan uwarsa. Cikin waɗanda suka gudo har da Malam Nadabo, manomi daga wani ƙauye bayan Runka. Dogon tsoho ne, kunnensa na hagu ya yi nauyi, yana fama da ciwon suga, kuma tun ina Runka ba ya kira na da komai sai wanzamin gwamnati. A wajen gudu ya taka kututture. Suga ya kashe masa jin ƙafa, bai san ya ji rauni ba sai da abin ya yi nisa. Ya sauka a gidan babban ɗansa Lawal, direban a-kori-kura mai jigilar hatsi tsakanin Batsari da Katsina.

Ƙarshen rani, ana zafin da ke dafa ƙwai a aljihu, Lawal ya kawo shi. Da na kwance tsumman da aka ɗaure ƙafar, ƙudajen Batsari suka taso gaisuwa, na Safana ma suka aiko wakilai. Yatsun sun yi baƙi ƙirin kamar gawayi. Na matsa da hantsaki, bai ji ba. Na laluba bugun jini a idon sawu, shiru. Sama da nan kuma fata ta kumbura tana sheƙi.

Na ce, "Baba, wannan ta fi ƙarfina. Sai Katsina, kuma yau."

Yana kallon rufi ya ce, "To."

Lawal ya kama hannun rigata ya ja ni waje gindin darbejiya. Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Likita, na san abin da ka gani. Na sha ɗaukar irin wannan ƙafa a bayan motata. Masu zuwa da wuri da sanda suke dawowa, masu jinkiri a tabarma. Yankewa za a yi, ko ba haka ba?"

Na ce, "Maganar ƙafar Baba, da Baba zan fara yin ta."

"Shi ne abin da na jawo ka in roƙa. Kada ka furta masa kalmar yanka. Ka ce wanki za a yi, wanki mai zurfi, sai an sa shi barci. Ka san Baba. In ya ji, wallahi ba zai shiga motar nan ba."

"A Katsina ma ai sai sun tambaye shi."

"Su tambaya mana. Kunnensa ɗaya ne, kuma duk abin da mai farar riga ya ce, to yake cewa. Ni zan tsaya a gefen kunnen. Yanzu ma ba ka ji ya ce to ba?"

Ku sani, Lawal ba mugu ba ne. Ɗa ne da ke son ubansa ya rayu, kuma abin da ya faɗa a kan jinkiri gaskiya ne tsagwaronta. Irin wannan roƙo shi ya fi wuyar ƙi, domin da hawaye yake zuwa, ba da cinyar rago ba.

Na ce, "Lawal, in ka same ni a majalisa bayan la'asar, ni ne mutumin da ya yi wa kura ƙarin ruwa, na kuma cire wa giwa haƙori. Can na yi ƙarya har mai shayi ya manta da tukunyarsa. Amma cikin rigar nan ba na yi. Ƙafar nan ba taka ba ce, ba tawa ba ce."

"In ya ƙi, ya mutu fa?"

"Zan yi iyakar ƙoƙarina kada ya ƙi. Amma ba zan sace masa ƙafa ba."

Na koma ciki, Lawal na biye da ni yana huci. Na zauna a gefen kunnen da ke ji. Akwai dattawan da ba sa son jin labari mai nauyi, sun fi so a faɗa wa 'ya'yansu, kuma wannan ma haƙƙinsu ne, saboda haka na fara da tambaya. "Baba, abin da na gani ba mai daɗi ba ne. In faɗa muku, ko kun fi so in yi magana da Lawal ya yanke muku shawara?"

Ya sauke ido daga rufi. "Ƙafar Lawal ce ta ruɓe?"

Na ce, "Naman yatsun ya mutu, kuma mutuwar tana hawa sama. Ni ba likitan tiyata ba ne, shi zai faɗi magana ta ƙarshe. Amma a iya abin da idona ya sani, da wuya a bar ƙafar nan. In aka tafi yau, ina sa ran a tsaya ƙasan gwiwa."

"To."

"Baba, wannan to ɗin ban karɓa ba. Ku faɗa mini da bakinku, me na ce?"

Ya dubi ƙafar. Sannan ya ce, "Ka ce za a datse mini wagga ƙafa kamar rake." Ya ja numfashi. "Tooo."

Lawal ya durƙusa. "Baba, don Allah mu tafi. Mota na waje, da mai a cikinta."

"Za mu tafi," in ji tsohon. "Amma ba yau ba. Da sauran aiki a kanta."

Ga aikin. Gonarsa ta yi iyaka da ta Malam Isiya, maƙwabcinsa, wanda aka kashe a wannan tashin. Iyakar da can gamba ce aka dasa a jere, to wuta ta ci, shanu sun tattake, daji ya rufe sauran. 'Ya'yan Isiya a birni suka tashi, Lawal kuma tun yana saurayi ya bar fartanya ya kama sitiyari. Duk duniya ba wanda ya san inda iyakar ta bi sai Malam Nadabo, daga kututturen aduwa, ta gangara cikin kwazazzabo, ta haura kan dutse. A lokacin an samu ɗan lafawa, mutane sun fara komawa sharar gona. Ruwan farko na sauka kowa zai shuka inda yake zato nasa ne.

Ya ce, "Na ga 'yan'uwan juna sun fasa kawunansu a kan kunyar gero. Ba zan bar wa jikokina da marayun Isiya wannan gado ba. Sai na taka ta gaban mai unguwa, kowa ya gani."

Na ce, "Ku kwatanta wa Lawal ya je ya nuna."

"Lawal? Wanda bai san aduwa da magarya ba?"

"To a yi aikin, in kun warke a ɗauke ku a babur."

"Babur na shiga kwazazzabo? Kafin in warke ai gero ya kai ƙugu. Kuma kai wanzamin gwamnati, ka rantse mini zan farka daga barcin nan nasu?"

Ban rantse ba, don ban sani ba. Amma kada ku ɗauka cewa girmama ra'ayin mutum shi ne ka naɗe hannu ka ce ruwansa. Na roƙe shi. Na yi masa wa'azi har na kusa cancantar limanci. Na kira likitan da ke sama da ni a waya, na kara masa a kunnen kirki, shi ma ya faɗa masa abin da na faɗa. Na auna zafin jikinsa, na yi masa tambayoyi don in tabbata ba zazzaɓi ke magana ba. Hankalinsa ya fi nawa zama. Daga nan na faɗa masa kuɗin abin ba ragi: baƙin nan ba ya jiran kowa, yana iya wuce gwiwa, yana iya shiga jini ya kashe ku.

Na ce, "Ku maimaita."

Ya ce, "In na tafi gona, ko in rasa gwiwa, ko in rasa rai. Na ji, kuma na gane. Ɗaure mini ƙafar da kyau."

Na wanke ciwon da ruwan gishiri, na naɗe, na ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta da na suga, na nuna wa Lawal yadda zai canja bandeji da alamun da in ya gani zai juyo da mota ko Baba na zagi. Lawal ya karɓi ledar maganin bai dube ni ba. A bakin ƙofa ya ce, "In wani abu ya samu ubana, kai ne."

Shirin shi ne su je su kwana su dawo. Suna isa aka kai hari a hanyar bayan Runka, ta rufe, ba shiga ba fita. Mai unguwa ma sai da aka nemo shi inda ya ɓuya. Duk da haka tsohon nan ya taka iyakarsa. Lawal ya riƙe shi ta dama, babban ɗan Isiya ta hagu, suka gangara kwazazzabo suka haura, yana nunawa ana kafa duwatsu, har suka kai ƙarshe. Da hanya ta buɗe, a kwance aka dawo da shi, jikinsa kamar garwashi, baƙin ya haura ƙwauri. Ko sauke shi ban bari an yi ba. Na sa masa ƙarin ruwa a cikin motar muka wuce Katsina. Likitan tiyata ya sunkuya ya yi masa bayani, tsohon ya amsa da bakinsa cewa a yanke. Sama da gwiwa aka yanke. Da ƙyar ya sha.

Ba zan ɓoye muku ba, gwiwa ba ƙaramin abu ba ce. Mai gwiwa ana iya sa masa ƙafar roba ya yi tafiyarsa, ya je masallaci, ya hau babur. Tsohon da ba shi da ita, sanda biyu ce, da faɗuwa, da jiran wanda zai ɗaga shi. Da na bi maganar Lawal, mai yiwuwa da yau Malam Nadabo yana da tasa. Na san wannan sarai.

Lawal ya kai ƙarata wurin shugaban sashenmu. Majalisun gari suka rabu biyu, mafi yawa suna bayansa. Aka ce bakina ya fi almakashina kaifi, aka ce ilimin boko ya hana ni tausayin tsoho. Shugaban ya kira ni, ya saurari komai, ya ce, "Malam Audu, a takarda ba ka yi laifi ba. Amma da ka ɗan sassauta harshe, da gari bai ɗau zafi haka ba."

Na ce, "Yallaɓai, harshe na sassauta, gaskiyar ce ban sassauta ba. In gobe aka kawo mini wata ƙafar, da wani ɗan, da wasu hawayen, haka zan sake yi. In mutanen nan suka gane cewa wanki a bakinmu yana iya zama yanka, ko ƙaya ce ta soke su ba za su ƙara zuwa ba."

Bayan damina, ranar kasuwa, na bi ta tasha zan sayo albasa. Ga motar Lawal ana loda mata buhuna, ga Malam Nadabo a kujerar gaba, sandunansa a jingine. Lawal na hango ni ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Jama'a, ga mutumin da ya ci gwiwar Baba!"

'Yan dako suka tsaya da buhu a ka. Masu shayi suka juyo. Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai tsohon ya buga sanda a jikin ƙofar mota.

"Kai Lawal, zo nan." Lawal ya zo ya rusuna a bakin taga. "Gwiwar wa?"

"Taku, Baba."

"Ni na kashe ta, a gonata, idona biyu, kuma an faɗa mini kafin in kashe. Kai dai ka gode wa wanzamin nan."

"In gode masa, Baba? Da mun tafi ranar nan..."

"Da mun tafi ranar nan, da na kwanta a kan wanki na farka ba ƙafa. Sai in tambaya wa ya sani, a ce mini kai. Da wane ido zan ƙara kallonka? Da wane hannu zan karɓi ruwa in ka miƙo? Yanzu ƙafa ɗaya na rasa. Ran nan da ƙafa da ɗa zan rasa."

Lawal ya miƙe. Ya zagaya, ya shiga, ya tada mota da ƙarfi har buhu ɗaya ya faɗo.

Har yau bai gaishe ni ba. In na tsaya a bakin hanyar Katsina cikin rana, ko motarsa ba kowa a baya, wuce ni yake yi, ya kafe ido a kan kwalta kamar bai taɓa ganin mutum mai tumbi ba. Ya yi ta wucewa. Duk wucewar da zai yi, sai ubansa ya zuro hannu ta taga yana ihu, "Wanzamin gwamnati, ya aiki!"